Tambaya da Amsa: Minti Biyun Farko na Fim Ɗin Fargaba

Wasiƙun wannan watan yawancinsu daga ɗaliban koyon shirya fim suka zo, waɗanda aka ba su aikin ɗaukar minti biyun farko na fim ɗin fargaba, wato irin fim ɗin da ke riƙe mai kallo cikin zullumin abin da zai biyo baya. Mun zaɓi huɗu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mu biyar ne a rukuninmu. Mun ɗauki wani da baƙar riga da wuƙa yana bin yarinya a lungu, mun sa jini, mun sa kiɗa mai ƙarfi. Da muka nuna wa 'yan ajinmu sai suka yi ta dariya. Malaminmu ya ce mun kawo siffofin fim ɗin amma babu fargaba a ciki. Ina muka kuskure? (Wani ɗalibi daga Zariya)

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗanmu. Malaminku ya faɗi gaskiya. Baƙar riga da wuƙa da lungu kayan aiki ne kawai. Fargaba tana fitowa ne daga abin da mai kallo ya sani wanda jarumar ba ta sani ba, da kuma tsawon lokacin da kuka bar shi yana jira. Darakta Alfred Hitchcock ya yi bayanin wannan da misalin bam a ƙarƙashin tebur. Mutane na hira, bam ya tashi ba zato, mai kallo ya razana na daƙiƙa 15. Amma in tun farko an nuna masa bam ɗin da lokacin da zai tashi, hirar nan ta banza sai ta zama zullumin minti 15. Ku kun ba 'yan kallo razana tun a ɗaukar farko, saboda haka ba su da sauran abin jira.

Ga yadda za ku gina irin labarin naku. Ku fara da ɗaukar nesa ta ƙofar gida daf da magariba, lungu ba kowa, daƙiƙa 8. Sai ɗaukar kusa: hannu ya ɗaga dutsen da ake ɓoye makulli, ya buɗe ƙofa, ya mayar da makullin inda yake, ya shige. Hannu kaɗai, ba fuska. Yanzu yarinyar ta dawo daga islamiyya, ta ɗauki makulli, ta tarar ƙofar ba a kulle take ba, ta yi tsaki don ta zaci ƙaninta ne ya manta. Ta tuɓe takalmi, ta rataye jaka, ta ɗebi ruwa a buta. Ku kai kyamara bayan labulen ɗaki, gefen labulen ya rufe sulusin hoton, nan take mai kallo zai gane idon wani ne ke kallonta. Ku nuna kan takalmi ya ɗan leƙo ta ƙasan labule. Ta tsuguna alwala, bayanta ga ɗakin. Labule ya motsa. Hoto ya yi baƙi, sunan fim ya fito.

Wannan zai ci ɗauka 20 zuwa 25. Ku zana kowace a takarda kafin ranar aiki, ko da zanen 'yan sanduna ne, ku kuma ɗauki kowace sau uku aƙalla. Wajen haɗa hoto, ɗaukar farko-farko su yi daƙiƙa 6 zuwa 8, su riƙa gajarta zuwa 3, zuwa 2, sannan ta alwalar ku bar ta ta yi tsawo, kamar daƙiƙa 10, ba yankewa. Wannan tsawaitawar bayan gaggawa ita ke sa mai kallo ya riƙe numfashi. Ku kula da ɓangaren tafiya: in ta shigo daga hagu tana nufar dama, kada kyamara ta tsallaka ɗaya gefen a ɗauka ta gaba, in ba haka ba sai a ga kamar juyawa ta yi za ta fita.

Dariyar 'yan ajinku kuwa tana da dalilai uku da aka saba gani: jinin da kowa ya ga na bogi ne, zare ido da ihun da suka wuce kima, da fuskar mugu wadda duk ajin sun san abokinsu ne. Ku ɓoye fuskar, ku cire jinin, ku ce wa jarumar ta yi harkarta kamar ba abin da ke faruwa. Kuma kada ku warware labarin. Buɗewa aikinta ta bar tambaya guda a zuciyar mai kallo, kamar "wane ne wannan, kuma ta yaya ya san maɓoyar makulli?"

TAMBAYA: Da waya muka ɗauka da dare don mu samu duhu. Hoton ya fito da tsaki-tsaki kamar an watsa yashi, yana kuma ƙyaftawa, ba a ma ganin fuska. Dole sai mun yi hayar babbar kyamara? (Wata ɗaliba daga Katsina)

AMSA: Ba dole ba ne, 'yarmu. Duhun fim da haske ake yin sa. Idon kyamarar waya ƙarami ne, in haske ya yi ƙaranci sai ta ɗaga ISO (wato ma'aunin ƙara wa hoto haske a cikin kyamara) da kanta, yashin da kike gani ke nan. Ki shiga saitin hannu ki tsayar da ISO kada ya wuce 400, sannan ki kawo haske har hoton ya fito.

Fitila ɗaya mai ƙarfi ta caji ta isa ta zama uwar haske. A ajiye ta a gefen fuska, nisan kamar mita ɗaya da rabi, ta ɗan ɗara ido tsayi, yadda rabin fuska zai haska rabi ya zauna a inuwa. In hasken ya yi kaifi, a rataya farin ƙyalle a gabanta da ɗan tazara. Sai ƙaramar tocila a bayan mutum, ba ta cikin hoto, ta zana masa haske a kafaɗa da gefen kai don kada ya narke cikin baƙin bango. Ƙwan saman ɗaki a kashe shi, domin yana baje haske ko'ina ya kashe inuwa. In kina son inuwar taga a bango, ki yanka tsaga-tsaga a kwali ki riƙe shi gaban fitilar.

Ƙyaftawar kuma daga wuta take. Wutar lantarkin Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wayoyi da yawa kuwa suna zuwa a kan hoto 30 a daƙiƙa, sai su saɓa. Ki mayar da ita hoto 25, saurin rufe idon kyamara (wato shutter) 1/50 na daƙiƙa. Wutar janareta ba ta tsayawa daidai, shi ya sa fitilar caji ta fi aminci. Ki danna fuskar jaruma a allo ki riƙe har saiti ya kulle, kada ki jawo hoto da yatsa, ki matsa da ƙafarki. Hasken magariba kuwa bai fi minti 20 ba yake gushewa, don haka a gama gwaji tun la'asar.

TAMBAYA: Mun sa kiɗan wani fim ɗin Indiya daga farko har ƙarshe, amma malam ya ce sautinmu ne ya fi komai rauni. (Wani ɗalibi daga Kano)

AMSA: Kiɗan da ba ya tsayawa kunne sabawa yake yi da shi, bayan rabin minti ya daina aiki. Ban da haka kiɗan yana da masu shi, YouTube na iya toshe bidiyon. Ku cire shi. Abin da buɗewa irin wadda muka tsara a amsar farko ke buƙata shi ne ƙananan sautuka: ƙarar ƙofa, sautin makulli, zubar ruwan buta, jan silifa a siminti. Ku naɗi kowane daban, lokacin da unguwa ta yi tsit, makirfo na kusa da abin kamar taƙi ɗaya ko biyu, an kashe fanka da firji da janareta. Ku kuma naɗi shirun ɗakin na minti ɗaya ku shimfiɗa shi ƙarƙashin duk aikin, don kada sauti ya riƙa mutuwa a kowace yankewa. In akwai magana, waya ta biyu a aljihun gaba za ta naɗe ta, a tafa hannu sau ɗaya gaban kyamara don a samu wurin daidaita sauti da hoto.

Dabara ɗaya mai ƙarfi: sauti ya riga hoto. A ji takun ƙafa daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin a ga ƙafar. In za ku sa kiɗa, amo ɗaya mai kauri ya isa, ya shigo a hankali daga lokacin da aka ga takalmi, ya yanke ƙaf kafin labule ya motsa. Ku saurara ta lasifikar waya kafin ku miƙa aikin, domin amo mai kauri sosai ɓacewa yake yi a cikinta.

TAMBAYA: A ina ake sa sunaye, kuma za mu iya amfani da bindigar roba a titi? (Wata ɗaliba daga Jos)

AMSA: Sunaye su hau kan ɗaukar da ba abin da ke faruwa a cikinta, rubutu iri ɗaya, ƙanana, kowane daƙiƙa 3, na darakta a ƙarshe. Kada suna ya fito lokacin da ake son ido ya ga takalmi. Bindiga kuwa, 'yarmu, mai wucewa bai san ta roba ba ce, ihun "ɓarawo" ɗaya kuma ya isa ya jawo abin da ba a fata. Ku ɗauki wannan fitowar a cikin gida ko harabar makaranta. In lallai sai titi, ku je da takardar sashenku wurin mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yankin tun kwana biyu kafin ranar, ku kuma tsayar da mutum biyu a bakin layin suna sanar da masu wucewa cewa fim ake ɗauka.