Amsa ga ƙanwata kan digiri na uku a gaidans

Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da dare. Ƙanwata, tun la'asar na saurari muryarki, ina aji ne shi ya sa ban amsa ba. Kin ce wai a ina ya fi ki yi digiri na uku a gaidans, wato fannin ba da shawara da jagoranci, nan gida Najeriya ko Amurka in an samu mai ɗaukar nauyi. To ni dai abin da na fahimta, ba wurin ne damuwarki ba. So kike ki san in kin gama, za ki iya horar da masu ba da shawara ki kuma duba aikinsu, ko kuwa dakta ce kawai a baki.

A Amurka digirin ma sunansa ke nan, koyar da masu ba da shawara da sa ido a kan aikinsu. Hukumar da ke tantance shi, CACREP, tun 1981 take. Abu biyar ta ɗora shi a kai: ba da shawarar kanta, duba masu yi, koyarwa, bincike, sai shugabanci da tsaya wa jama'a. Sai kin yi awa 600 na aikin gwaji. Ɗalibar digiri na uku ita ke zama da 'yan mastas, a kunna bidiyon zaman da suka yi da mai damuwa, da izininsa fa, a tsayar a ce, me ya sa kika katse shi a nan? Me ya sa da ya yi shiru kika yi saurin cike wurin? Ita ma mai dubawar akwai malami a kanta yana kallon yadda take gyara musu. Wannan nake so ki riƙe.

Mu nan kuwa kin sani, kwas, sai kundi. A raba takardun tambayoyi, a yi lissafi, a kare, shi ke nan. A'a, kada in yi zalunci, akwai malamai na ƙwarai da ke zama da ɗalibi har ya iya, na san su. Amma ƙoƙarinsu ne, tsarin bai tilasta ba.

Ni abin da ya same ni har yau yana cina. Lokacin mastas aka tura ni firatikal wata sakandaren 'yan mata. Ofishin gaidans ɗin ma sito ne, kujeru karyayyu jibge a lungu, ni na share shi da hannuna. Wata yarinya 'yar aji biyar ta shigo, ta zauna tana murza bakin hijabinta, ta ce Malama ba na iya barci. Wallahi ban bar ta ta kai aya ba. Na hau nasiha, ki yi haƙuri, ki dage da addu'a, ki bi iyaye, kusan minti arba'in ni kaɗai nake magana. Ta ce na gode, ta fita, ba ta sake dawowa ba. Har yau ban san me ya hana ta barci ba.

Sufabaizana fa? Sau ɗaya ya zo, makon ƙarshe. A kan bonet ɗin motarsa ya sa hannu a littafina, bai leƙa sitonnan ba, ya ba ni maki mai kyau. Dakta ne, mai ilimi ne kuwa, amma shi ma ba wanda ya taɓa koya masa yadda ake duba ɗalibi. Da ya zauna minti goma ya ce ba ni labarin yarinya ɗaya, da tun ranar na gane kuskurena. Sai bayan shekaru na gane da kaina.

Ga shi CASSON, ƙungiyar masu ba da shawara ta Najeriya, tun 1976 take, manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ambaci gaidans, a 2022 an sa hannu a dokar kafa majalisar masu wannan sana'a. Madalla. To waɗanda za a yi wa rajistar, wa ya taɓa ganin su suna aiki?

Batun kuɗi da bar wa maigida yara kuwa... bari, wannan sai mun haɗu. Ke dai duk sashen da za ki nema, ki je da ƙafarki ki tambayi shugabansa: in na shigo za a ba ni 'yan mastas in duba, kuma wa zai zauna da ni yana duba ni? Ki turo mana abin da ya ce miki. Sai da safe.