Amsa: Na daina cin kitse, amma kolestarol ɗina bai sauka ba

Malam, ka ce ka bar kitse da ƙwai amma gwaji bai canza ba. Ai mafi yawan kolestarol, wato wani abu mai kama da kitse da ke yawo a jini, jiki ne ke haɗa shi, musamman hanta. Kamar man gyaɗa a kan ruwa, ba ya narkewa cikin jini, sai dai a ɗauke shi cikin ƙananan ƙunsoshi, irin waɗanda ake kira LDL. Ƙwayoyin hanta suna da ƙugiyoyi masu cafke su, su cire su daga jini. Michael Brown da Joseph Goldstein na Amurka ne suka gano haka, suka sami kyautar Nobel a 1985. Wasu suna gadon ƙarancin ƙugiyoyin, sai kolestarol ya taru a jininsu ko da sun bar kitse. In akwai wanda zuciya ta buga yana matashi a danginku, ka gaya wa likita. Maganin rage kolestarol da ake kira statin ƙugiyoyin yake ƙarawa.