Kukan yamma na jariri: abin da na gani a kan nawa

'Yar uwa, sannu da fama. Kin ce ɗanki yana da sati biyar, da rana lafiya lau yake shan nono ya yi barci, amma da zarar rana ta faɗi sai ya ɓare baki har wajen sha ɗaya na dare, yana takure ƙafafu yana banƙarewa, ki ba shi nono ya kama ya saki. Kina tambaya ko nononki ne ba shi da kyau, ko akwai maganin da za ki saya. Ina karantawa na ji kamar ni na rubuta shekara huɗu da suka wuce. 'Ya'yana uku, na tsakiyan ne ya gwada min wannan, kuma sai a kansa na san ashe ban iya raino ba kamar yadda nake taƙama.

Kafin komai, ki tabbata ba wani ciwo ne a ƙasa ba. Jaririn da bai kai wata uku ba, in ma'aunin zafi ya nuna 38 ko sama, asibiti za a tafi a lokacin, ko da ƙarfe biyun dare ne. Haka in yana amai kore, ko amai mai tsartuwa bayan kowane sha, ko kin ga jini a kashinsa, ko cikinsa ya kumbura ya yi tauri, ko wani kumburi ya fito a matsematsinsa, ko jikinsa ya saki ya ƙi shan nono, ko fitsarinsa ya ragu sosai. Jaririn da ke ƙoshi yakan jiƙa famfas kamar sau shida a yini. In babu ko ɗaya cikin waɗannan, yana ƙara nauyi a wurin awo, to da alama irin na ɗana ne. Duk da haka ki kai shi a duba sau ɗaya, don hankalinki ya kwanta.

Wannan kukan da ake kira kolik, wanda wasu za su ce miki murɗar ciki ce wasu su ce ciwon cibiya ne, tsohon abu ne a wurin likitocin yara. Tun 1954 wani likita a Amurka, Morris Wessel, ya ba shi ma'auni: kuka sama da awa uku a rana, sama da kwana uku a sati, har sama da sati uku, a jikin yaro mai lafiya. Yakan fara wajen sati na biyu, ya kai ƙarshen zafinsa wajen sati na shida, ya lafa tsakanin wata uku zuwa huɗu. Kusan ɗaya cikin jarirai biyar na yin sa, masu shan nono da masu shan madara duk ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya amsa miki maganar nononki. Nonon da yake sha da safe ya yi barci, shi ne dai na yamma. Kuma ke yanzu kina daf da sati na shida, ma'ana kina kan ganiyarsa ne, don haka kada ki firgita in kin ga sati mai zuwa ya fi wannan.

Magani kuwa, na kashe kuɗi a banza. Ruwan kwalbar nan na ciwon cikin jarirai da kowa ke ba da shawara, na saya. Maganin ɗigawa na fitar da iska, simetikon, shi ma na saya. Daren farko sai in ga kamar ya yi aiki, dare na biyu mu koma gidan jiya. Daga baya likitarsa ta gaya min cewa da aka gwada simetikon a bincike, bai fi ɗigon da babu magani a ciki ba. Yawancin iskar da kike ji a cikinsa ma, kukan ne ke sa ya haɗiye ta. Abin da zan roƙe ki shi ne kada ki ba shi jiƙo ko wane iri, kada ki ba shi ruwa, kada ki lasa masa zuma. Zuma kafin shekara ɗaya tana iya sa wa jariri wata cuta mai shanye jiki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya nono zalla ta ce har wata shida. Maganin sa barci ko na murɗar ciki na manya, ko kusa da shi kada a kai. Za ki ji an ce ai an ba wane bai yi komai ba. Ki yi godiya, ki ajiye.

Abin da ya rage mana wahala ba abu ɗaya ba ne, kuma babu wanda ya tsayar da kukan cak. Na fara gyara kamun nono, domin ashe kan nonon kawai yake kamawa, ina jin ƙarar tsotso yana zuƙar iska. Da bakinsa ya buɗe sosai ya haɗa da baƙin da ke kewaye, ƙarar ta ɓace. Na riƙa barinsa ya gama da ɗaya kafin in sauya, in ɗaga shi a kafaɗa ya yi gyatsa a tsakiyar sha, ba sai ƙarshe ba. Na kuma daina cusa masa nono duk sanda ya buɗe baki, don wani kukan ba na yunwa ba ne.

Sai riƙon da babansa ya fi ni iyawa. Yakan kifa shi a kan damtsen hannunsa, kansa a wajen gwiwar hannu an juya fuskar gefe, tafin hannu tsakanin cinyoyinsa, ƙafafu na reto. Sai ya riƙa tafiya a hankali yana shafa bayansa da ɗaya hannun. Sau da yawa kafin minti goma za ka ji ya saki iska, hannun da ya dunƙule ya buɗe yatsa ɗaya bayan ɗaya. Amma wannan kifawar a hannu ce kawai, idonki biyu. Wurin barci a rigingine za a kwantar da shi, kullum, a kan shimfiɗa mai ƙwari, ba filo ba bargo a kusa da fuskarsa.

Tafiyar nan tana da muhimmanci fiye da yadda na zata. Ni da na gaji sai in zauna ina jijjiga shi a cinya, kukan ya ƙaru. A 2022 wasu masu bincike a Japan suka fitar da abin da suka gani: a rungume jariri mai kuka a yi ta tafiya da shi minti biyar ba tsayawa ba juyi na gaggawa, in ya yi barci a zauna da shi a jiki minti biyar zuwa takwas kafin a kwantar. Jarirai kaɗan suka gwada a kansu, amma ya yi daidai da abin da na gani. Kuskurena shi ne gaggawar ajiyewa. Yana rufe ido in kai shi gado, bayansa na taɓa katifa ya tsala ihu, mu dawo farko.

Wani abin da na makara ban gane ba, yamma ta fi ƙarfinsa ne. Fitila a kunne, talabijin na yi, yayarsa na tsalle, wannan ya karɓe shi wancan ya karɓa. Sai na fara riga kukan. Tun kafin lokacin da ya saba farawa, in shige ɗaki da shi, in rage haske, in yi masa wanka da ruwa mai ɗumi, in naɗe shi a zane mara kauri, hannuwa a ciki amma ƙugu da ƙafafu a sake. Ƙarar fanka daga nesa ko in riƙa yi masa shhh a hankali kusa da kunne. Naɗewar kuma a daina ta da zarar ya fara ƙoƙarin juyawa. Awa huɗun da yake yi yana kuka ta koma biyu, wani daren ɗaya da rabi. A lokacin wannan ma babbar riba ce.

Ki kuma saba da tuɓe shi tsaf in kukan ya sauya salo. Wani dare wajen sati na goma kukansa ya yi tsini, ba irin wanda na sani ba. Na cire safarsa, sai ga silin gashina ya naɗe ɗan yatsan ƙafarsa har ya shige fata, kan yatsan ya yi jajir. Lokacin ne gashin mai jego ke zuba. Da ban duba ba da na ce kolik ne.

Akwai maganar da ba a cika yi ba, ni zan yi. Wani dare babansa ya yi tafiya, na kwana biyu ban yi barcin kirki ba, yaron nan na kuka tun magariba. Sai na ji hannuna ya matse shi fiye da kima, raina ya ɓaci da jariri ɗan sati shida. Na tsorata da kaina. Na kwantar da shi a gadonsa a rigingine, na ja ƙofa, na je na wanke fuska na zauna a ƙasa ina kuka, shi yana nasa ni ina nawa. Bayan minti goma na koma na ɗauke shi. Kukan minti goma a wuri mai aminci ba ya cutar da jariri. Girgiza shi da ƙarfi kuwa, ko na daƙiƙa kaɗan ne, yana iya fasa jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwarsa, ya makance ko ya mutu. Ki gaya wa duk wanda zai riƙe miki shi wannan. Washegari na kira ƙanwata na ce ta zo ta riƙa karɓata da yamma, ban ƙara jin kunyar roƙon taimako ba. In kuma kin ji baƙin cikin ya ƙi barinki har da rana, ba kya iya barci ko yaron na barci, ki faɗa wa likita, wannan ma abin dubawa ne.

Wasu jariran ƙalilan, furotin ɗin madarar shanu ne jikinsu ba ya so, ko ta madarar gwangwani ko ta abin da uwa ta ci. Yawanci akan ga ƙuraje, gudawa ko jini a kashi tare da kukan. Wannan likita ne zai ce a gwada janyewa na ɗan lokaci, kada ki hana kanki cin komai kina shayarwa saboda zato.

Namu ya tafi ne ba sallama. Wajen sati na sha uku, wata yamma na shirya ɗaki na rage haske ina jiran a fara, sai na ga yaro kwance yana kallon hannunsa yana gwaranci. Na zauna a bakin gado har tara ta wuce ina jira. Ki rubuta lokacin da yake farawa da lokacin da yake dainawa na kwana uku, da yawan famfas ɗin da ya jiƙa, ki tafi da takardar ranar da za ki kai shi awo. Allah Ya raya mana shi, Ya ba ki lafiyar shayarwa.