Amsa ga mai tambaya kan istihara bayan lissafi ya nuna riba

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce an yi maka tayin haɗin gwiwa a wata sana'a, ka yi lissafi ya nuna riba, abokanka sun ce ka shiga, shi ne kake tambaya ko akwai sauran buƙatar istihara tunda al'amarin a fili yake. A ganina wannan tabbacin da kake ji shi ne babban dalilin da zai sa ka yi ta.

Na daɗe ina shiga tsakanin abokan sana'a idan rigima ta ɓarke, kuma da wuya na ga wanda ya shiga harka yana ɗar-ɗar ya yi mummunar faɗuwa, domin tsoronsa yana kai shi ga bincike da addu'a. Yawancin waɗanda suke zuwa da kuka, tun farko cewa suka yi abin ba ya buƙatar dogon tunani. Lissafi da abin da ka sani yau yake aiki. Bai san yadda abokin tarayyarka zai koma idan kuɗi suka taru ba, bai kuma san ko ribar za ta cinye maka salla da zumunci ba.

Dubi abin da ya faru a Hunaini, shekara ta 8 bayan hijira. Musulmi sun fita su 12,000, alhali a Badar su 300 da 'yan kai ne kuma aka ba su nasara. Wasu suka ɗauka cewa da wannan yawan babu mai iya karya su, sai ga maharban Hawazin sun yi musu kwanton ɓauna a cikin kwari, runduna ta tarwatse, Manzon Allah (SAW) ya dake tare da mutane kaɗan har Allah Ya saukar da natsuwa aka dawo aka yi galaba. Aya ta 25 a Suratut Tauba ta faɗa ƙarara cewa yawansu ya burge su amma bai amfane su da komai ba. Sahabbai ne fa ake faɗa wa haka. A Hudaibiyya kuwa, shekara ta 6, sharuɗɗan sulhun sun yi wa Musulmi nauyi har Sayyidina Umar ya kasa yin shiru, amma wannan sulhun ne ya share hanyar buɗe Makka.

Jabir ɗan Abdullahi ya ruwaito, kamar yadda Bukhari ya kawo, cewa Annabi (SAW) yana koya musu istihara a dukkan al'amura kamar yadda yake koya musu sura daga Alƙur'ani. Raka'a biyu ce ta nafila, sannan addu'ar da a cikinta kake furta cewa Allah ne Mai iko da sani, kai ba ka da su, kana roƙon idan abin sharri ne a kawar da shi daga gare ka, kai ma a kawar da kai daga gare shi. Wannan gaɓar ta ƙarshe ce take yi wa mutane wuya, domin da yawa sun riga sun yanke hukunci, amincewa kawai suke nema. Babu maganar mafarki a hadisin, saboda haka kada ka zauna jiran sa, kuma kai za ka yi da kanka, ba a ba wani kwangilarta.

Wannan bai ɗauke maka aikinka ba. An ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali, kuma aya ta 159 a Ali Imrana ta gabatar da shawara kafin azama da dogaro ga Allah. Ka nemi wanda ya taɓa yin hulɗar kuɗi da mutumin nan ka tambaye shi, ba abokan da suka ji labarin riba kaɗai ba. Ku rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, har da yadda za a raba asara da yadda za a rabu idan tafiyar ta ƙi. Bayan ka yi sallar, ka ci gaba da shirinka kana lura: idan ƙofofi suna buɗewa ka shiga da bismillah, idan kuwa ka ga kullum sai wani cikas ya gitta, kada ka ɓalle ƙofar da ƙarfin tsiya don kunyar abokai. Allah Ya zaɓa maka mafi alheri.