Kafin ka sayi waya, duba inda kamfaninta ya dosa

Tambaya: Malam, ina shirin sayen sabuwar waya, sai abokina ya ce in fara bincikar babbar manhajar da ke tafiyar da ita da alƙiblar shugabannin kamfanin. Ni kuwa kyamara da batir kawai nake dubawa. Shin maganarsa tana da tushe?

Amsa: Tana da tushe ƙwarai, kuma abin da ya faru da Nokia ya isa hujja. A shekarar 2010 kamfanin ya ɗauko Stephen Elop daga Microsoft ya naɗa shi shugaba, a watan Fabrairun 2011 kuma ya sanar da cewa za su rungumi Windows Phone, babbar manhajar waya ta Microsoft, su juya wa nasu manhajojin, wato Symbian da MeeGo, baya. Wayar N9, wadda ta fito a shekarar ɗauke da MeeGo, ta sha yabo, amma tun kafin ta isa hannun masu saye an riga an yanke mata ƙauna. Waɗanda suka bi kamfanin zuwa Lumia, wato wayoyinsa masu Windows Phone, su ma ba su tsira ba, domin Microsoft ya sayi sashen wayoyin a 2014, daga baya ya janye jiki, a ƙarshen 2019 kuma WhatsApp ya daina tallafa wa Windows Phone. Sai ga mutum riƙe da waya garau, gilashinta ko ƙwarzane babu, amma ba shi da hanyar tura wa 'yan'uwansa saƙo ta WhatsApp.

Ba na cewa ka zauna kana bibiyar tarukan daraktoci, wannan aikin masu hannun jari ne. Abin da ya shafe ka shi ne alkawarin sabunta manhaja da kamfani ya bayyana a rubuce. Google ya yi wa Pixel 8 alkawarin shekara 7, Samsung ma ya yi wa Galaxy S24 haka. Kamfanin da ya yi shiru kan wannan batu, ni dai ina ɗari-ɗari da shi.

Tambaya: To wayar Huawei da ba ta da Play Store fa?

Amsa: Wannan ya samo asali ne daga takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa kamfanin a 2019, wanda ya raba sababbin wayoyinsa da manhajojin Google. Ƙirarsu tana da inganci, amma kafin ka biya, ka nemi a buɗe maka manhajar bankinka da ta taswira a kan wayar, ka ga suna aiki da idonka.