Ya rubuta mini "sakin takarda" don ya samu katin zama a Amurka: ina matsayin aurena?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina zaune a Tudun Wada, Kaduna. Mijina ya tafi Amurka da bizar ziyara. Da wa'adin wata shida da aka ba shi ya kusa cika, wani mai haɗa wa mutane takardu ya ce masa ya auri wata 'yar ƙasar a kan takarda, ya biya ta kuɗi, bayan shekara biyu su rabu ya ɗauke mu. Tun da a fom ɗin biza ya rubuta yana da mata, aka ce sai ya nuna shaidar saki. Ya rubuta da hannunsa, "Na saki matata saki ɗaya daga yau," ya sa hannu, ya turo mini ta WhatsApp, yayana ya kai aka buga hatimi. Ya rantse mini bai yi nufin saki ba. Lokacin ina da cikin wata bakwai, yanzu yaron yana wata biyar. Wani malami ya ce masa takarda ba komai ba ce sai da niyya. Amma ni hankalina bai kwanta ba. Ina nan a matarsa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, Allah ya raya yaron, ya ba ki haƙuri a kan abin da zan gaya miki, don ba mai daɗin ji ba ne. Rashin kwanciyar hankalinki yana da dalili.

Sakin ya auku, saki ɗaya. Sai dai abin da ya fi tsayar da ni a wasiƙarki shi ne maganar da kika jefo a ƙarshe kamar ba ta da nauyi: kina da ciki aka rubuta takardar, kuma kin haihu. Iddar mai ciki haihuwarta ce, nassin aya ta 4 a Suratuɗ Ɗalaƙ. Da a ce ba ki da ciki kuma idda ba ta cika ba, da na ce ki kira shi yau ya yi kome a gaban shaidu biyu, magana ta ƙare. Amma iddarki ta cika ranar da yaron nan ya faɗo. Tun daga ranar, igiyar ta fita daga hannunsa. Ba shi da ikon mayar da ke sai da sabon ɗaurin aure: yardarki, waliyyi, sadaki, shaidu, a kan igiya biyun da suka rage.

Ƙofa ɗaya ce ta saura. Ki koma saƙonninku na tsakanin ranar takardar da ranar haihuwa. In ya taɓa cewa a sarari "na mayar da ke", ko "in ma sakin ya auku, na yi kome", to auren yana nan. Amma "ai kina nan a matata", ko hirar dare ta miji da mata, ko turo kuɗin cefane, a mazhabar Imam Malik ba sa zama kome sai da niyyar komen, kuma wanda bai yarda ya yi saki ba da wuya a ce ya ƙudurta kome. In sai yanzu ya ce ai ya yi tun lokacin, ba a karɓa daga bakinsa kawai bayan idda ta wuce, sai da hujja. Alƙali ne zai auna wannan.

Sai maganar malamin da ya ce masa takarda ba komai ba ce. Ba zan ce ya ƙirƙiro ta ba. Akwai malamai, cikinsu har da Shafi'awa, da suka ɗauki rubutu a matsayin kinaya, wato lafazin da ba na sarari ba, mai buƙatar niyya. Amma mu da kotunanmu a nan Kaduna a kan Malikiyya muke, kuma Shaihu Halilu ya yanke a Mukhtasar cewa saki yana lazimta da rubutu idan mai rubutun ya ƙudurta, in ma bai ƙudurta ba yana lazimta da zarar takardar ta isa ga matar. Taki ta iso, shi da kansa ya turo ta. A babin kuma ya ce saki yana lazimta ko da wasa aka yi shi, daidai da hadisin nan da kowa ya sani na abubuwa uku, aure da saki da kome, da gaskensu da wasansu duk gaske ne.

Masu wancan ra'ayi suna cakuɗa niyya biyu. Akwai nufin lafazi, akwai nufin sakamakonsa. Wanda harshensa ya suɓuce, ko yake magagin barci, bai nufi lafazin ba, shi ya sa ba a kama shi. Mijinki ya zauna, ya zaɓi kalmomi, ya rubuta adadi, ya ce "daga yau", ya sa hannu, ya nemi hatimi. Lafazin kam ya nufe shi sarai, sakamakon ne ba ya so. To mai sakin wasa ma haka yake, kuma shari'a ba ta bar masa zaɓi ba. Ki lura kuma da abin da yake nema: yana so takardar ta zama gaskiya a gaban hukumar Amurka, don sai da ita za a yarda ya ɗaura wani aure, sannan ta zama ƙarya a ɗakinki. Takarda ɗaya ce. Da a ce tambayarsa aka yi "kana da mata?" ya ce "a'a", da na ce ƙarya ya yi, yana da zunubi, auren bai taɓu ba muddin bai yi nufin saki ba. "Na saki daga yau" kuwa ƙulla saki ne, ba ba da labari ba.

Wasu za su ce ai dokar ƙasar ce ta tilasta shi. Tilascin da yake ɗage saki shi ne tsoron kisa, duka, ɗauri da makamantansu daga wanda yake da ikon aikatawa. Mijinki yana da tikitin dawowa da gida a Tudun Wada. Son zama ne ya tura shi, kuma son abu ba tilas ba ne. Abin da nake tsoro a wannan fatawa mai sauƙi shi ne inda take kaiwa. In aka buɗe ta, duk wanda ya rubuta saki cikin fushi gobe zai ce bai yi niyya ba, mace ta rasa ko ita matar aure ce ko bazawara. A tsakiyar ayoyin saki Allah ya ce kada a riƙi ayoyinSa abin izgili, aya ta 231 a Baƙara. Mun ga irin wannan a auren biza na masu zuwa Umara, wanda aka ɗauka wasa ne, daga baya aka yi ta rigimar gado da nasaba.

Auren da ya ƙulla can, na kuɗi da wa'adi don yaudarar hukuma, haramun ne. Ha'inci ne da rantsuwa a kan ƙarya. Ina ƙara masa gargaɗi: don a gamsar da masu bincike sai an haɗa haya, asusun banki da hotuna, wani lokaci har kwana a gida ɗaya. Wanda ya ce matar ba matarsa ba ce, da wace hujja yake keɓewa da ita?

Ba ki tambaye ni wannan ba, amma ba zan bar ki da lissafin shekara biyu ba, don na ga a kansa kika jingina. Idan aure bai kai shekara biyu ba lokacin da aka amince, katin da ake bayarwa na sharaɗi ne, na shekara biyu. Cikin kwana 90 kafin ya ƙare sai an shigar da fom I-751 a sake tabbatar da cewa auren na gaske ne. Ban da haka, wanda ya samu katin ta hanyar aure ba ya iya nema wa wata matar sai shekara biyar ta cika da samun katin, in ba ya kawo hujja mai ƙarfi cewa auren da ya ba shi katin na gaskiya ne ba, ko mutuwa ce ta raba. Mutumin da ya saki uwar ɗansa, ya auri 'yar ƙasa, ya rabu da ita, ya dawo yana nema wa ta farkon, shi ne ainihin wanda aka yi dokar dominsa. Tun 1986 dokarsu ta sa ɗaurin da zai iya kai shekara biyar da tarar da za ta iya kai dala 250,000 a kan auren bogi, kuma wanda aka tabbatar ya yi shi ba a sake amincewa da wata takardar nema masa zama har abada. Ke ma ranar da aka kira ki ganawa a ƙaramin ofishin jakadancinsu na Legas, rantsar da ke za a yi. Kada ki yarda ki faɗi abin da ba haka yake ba. Shi kuma ya nemi lauya mai lasisi a can ya gaya masa gaskiya duka, ya rabu da mai haɗa takardun nan da ya ci kuɗinsa ya raba shi da iyalinsa.

Ke ba ki da laifin abin da ba ki sani ba. Yaron ɗansa ne na halak, yana gadonsa. Ci da sha da sutura da maganinsa suna kansa, kuma kina da haƙƙin ladan shayarwa tun da yanzu ba kya ƙarƙashinsa. Amma ki sani, da ɗayanku zai rasu yau, ba gado tsakaninku. Hirar da kuke yi ta miji da mata a waya da turo hotuna su tsaya daga yau.

Sannan ki tuna zaɓi ya dawo hannunki. Ba na zuga ki ki ƙi shi. Mai yiwuwa mutumin kirki ne da aka ruɗa, kuma uban ɗanki ne. In kina son komawa, yana iya wakilta wani a ɗaura a nan Kaduna ba sai ya zo ba. Shawarata kada ki yi gaggawa. Ki sa ya fara fita daga wancan ƙullin, ya faɗi a gaban manya yaushe zai dawo ko yaya zai yi da ku ta hanyar gaskiya, a rubuta. Mace mai jego ba ta cancanci a ajiye ta shekara biyar ko fiye tana jiran abin da aka gina a kan ƙarya ba. Yayanki kuma ya nemi gafarar Allah, don shi ya kai takardar.

Cikin makon nan ki gaya wa mahaifinki ko wanda yake waliyyinki komai, ba ɓoye-ɓoye. Ku ɗauki takardar, da saƙonnin da ranakunsu, da shaidar ranar haihuwar yaron, ku je kotun shari'a ta Magajin Gari ko wadda ta fi kusa da ku, a kira shi a waya a ji ta bakinsa. Allah ne Mafi sani.