Zazzaɓin dare da sambatun majinyaci: likita ya amsa

Tambaya: Likita, ɗana yana wuni garau, magariba na yi sai jikinsa ya yi rau. Me ke jawo haka? (Wata uwa, Tudun Wada)

Amsa: Hajiya, jiki yana da agogonsa a ƙwaƙwalwa. Sinadarin kotisol mai danne zafin jiki yana yawa da asuba, ya ragu da dare, sai zazzaɓi ya samu fili. Kada sauƙin rana ya ruɗe ki, a gwada jininsa gobe.

Tambaya: Gadin dare nake yi, mura ba ta barina. (Wani mai gadi, Sabon Gari)

Amsa: A 2016 masana a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun sa wa ɓeraye ƙwayar bairos. A jikin waɗanda aka sa wa a farkon lokacin barcinsu, ƙwayar ta hayayyafa ninki goma fiye da a jikin waɗanda aka sa wa dab da lokacin tashinsu. Ɓera ba mutum ba ne, amma aikin dare yana rikita agogon jiki. Malam, ka rama barcinka a ɗaki mai duhu, ka bar sayen kafso a kemis, ba ya kashe ƙwayar mura.

Tambaya: Babanmu yana ɗakin kulawa ta musamman da ciwon huhu. Da dare yana sambatu, yana fizge robar iska, ba ya gane mu. Dangi sun ce iskokai ne, a mayar da shi gida. (Wani ɗalibi, Samaru)

Amsa: Ɗana, don Allah kada ku fitar da shi. Allah ya ba Baba lafiya. Wannan ruɗewar mun saba ganinta, musamman ga dattawa. A ɗakin nan fitila ba ta mutuwa, na'urori na ƙara, ana tashinsa awo cikin dare. Mutumin da shekara saba'in kiran sallar asuba ke tashinsa, yanzu bai san dare ba bai san rana ba. Ga zazzaɓi, ga ƙarancin iska a jini. Ina ƙwaƙwalwa za ta natsu?

Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu ɓoyo da ƙwayar barci a aljihu su ba majinyaci, wai ya huta. Mutumin da numfashinsa ke da ƙyar! Tana iya tsayar da numfashin ɗungurungum. Hayaƙin turare kusa da iskar oksijin kuma gobara ce.

Ku yi masa addu'a a gefen gado, ba wanda zai hana ku. In kun shiga ku gaya masa ranar da ake, da cewa azahar ta yi. Ku kawo masa tabaronsa. Ku roƙi nas a buɗe labule da rana in hali ya yi. Duk canjin da kuka gani, ku faɗa wa likitansa nan take, ko da tsakar dare ne.